Tukunyar da ta Faɗo a Shagon Baba Anya

Idan ka shiga shagon Baba Anya ka yi sallama, zai amsa maka da kyau, amma idonsa ba ya kan fuskarka, yana kan hannuwanka. Ka ce masa yau garin da zafi, sai ya leƙa waje ya tabbatar. Ka ba shi labarin wani ya tsinci waya ya mayar wa mai ita, sai ya karkatar da kai, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Anya kuwa?" Nan sunan ya samo asali, ya kuma manne masa har jikokinsa ba su san yana da wani ba. Tuni ya daina jin haushi. Cewa yake gara a kira shi Anya da a kira shi sakarai.

Kayan gida yake sayarwa: tukwane, bokitai, filas, dutsen guga, fanka, risho, wuƙaƙe da cokula. Shagon dogo ne matsattse, kantocin katako sun hau bango hagu da dama, tun daga ƙasa har kusa da silin. Kujerarsa na bakin ƙofa, wata tsohuwa ta ƙarfe da ya ɗaure wa ƙafa guda da igiya. Can sama ya kafa ƙaton madubi mai tudu, irin wanda ke nuna maka shago gaba ɗaya har ƙuryarsa. Da wannan shago ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'yansa, da shi ake ɗora tukunya a gidansa. Ba shi da gona, ba shi da fili, bai iya wata sana'a ba. In ka ɗauke shagon, ka ɗauke mutumin.

A yi masa adalci, ba haka aka haife shi ba. Yana saurayi, a ɗan shagonsa na farko, ya taɓa ba wani amininsa mukulli ya tafi jinyar mahaifinsa. Da ya dawo, ko ƙusa bai tarar a bango ba, amini kuwa ya shiga duniya. To, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. Sai dai shi gudun nasa bai tsaya ba har furfura ta cika masa gemu.

Ƙa'idarsa guda ce tak: abin da ido bai gani ba, an sace shi. Saboda haka kaya masu tsada da masu nauyi can sama yake kai su, inda hannu ba ya kaiwa sai da tsani, tsanin kuma a bayan kujerarsa yake jingine. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Kafintan da ya yi kantocin ya buga wa kowace ɗan siririn katako a baki, don ya tare kaya kada su zame. Baba Anya ya zauna ya ɗaga kai ya dubi madubinsa, ya ga katakon nan yana rufe masa gindin kaya. In an zare wani abu daga baya fa, ta yaya zai sani? Sai ya sa guduma ya ɓamɓare su kaf, sannan ya jawo kowane kaya zuwa bakin kanta, har gindin wasu ya leƙo waje, yadda zai ƙare musu kallo daga zaune.

Kafinta ya zo wucewa ya gani, ya riƙe baki.

"Haba maigida! Wannan ai ajali ka rataye wa mutane a ka. Bari in mayar maka da katakon, ko sisi ba na so."

"Ko sisi ba ka so?" in ji Baba Anya. "Anya kuwa? Banza ba ta kai zomo kasuwa."

Kafinta ya kaɗa kai ya yi gaba. Shi kuwa gogan ya wuni yana saƙa abin da mutumin nan yake nufi da shi.

Duk duniya mutum ɗaya ke faɗa masa gaskiya ba ƙifta ido, matarsa, wadda unguwa ke kira Maman Biyu saboda tagwayen da ta fara haifa. Takan ce masa, "Malam, kai fa ko inuwarka ce ta biyo ka, sai ka tambaye ta wa ya aiko ta." Shi kuma ya ce, "To ai ban san inda take kwana ba." Haka suka tsufa tare, tana zolayarsa, yana duba kwaɗon ƙofa bayan ta riga ta kulle.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, shago ba cunkoso. Wata mata ta shigo sayen dutsen guga. Tela ce, shagonta na can layin maɗinka bayan tashar mota, doguwa, mara yawan magana, da tef ɗin awo rataye a wuya. Ta sunkuya tana duba na kantar ƙasa. Daidai lokacin wata tifa ta wuce cike da yashi, ginin ya ɗan girgiza kamar yadda ya saba. Baba Anya na kallon madubi, komai a kan idonsa ya faru. Wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ke can sama, irin wadda sai namiji ya yi nishi kafin ya ɗaga, ta gyaɗa, ta sake gyaɗawa, ta sulluɓo. Ta sauka a kafaɗar matar ta dama, tim! Murfin ya yi ta gangara yana kururuwa har bakin titi.

"Innalillahi!" Kafin ka ce kwabo maƙwabta sun cika shagon. Matar na durƙushe, ta dafe kafaɗa, gumi na tsattsafo mata, amma ko ihu ba ta yi ba. Abin kunya kuwa, kallon farko da Baba Anya ya yi ba ita ya kalla ba, hannuwan masu taimako ya bi da ido, kada a yi masa sata cikin ruɗani.

"A kai ta asibiti," in ji wani.

"Shagonka ne, kayanka ne, kai za ka ɗauki nauyi," in ji wani.

Baba Anya ya matso kusa. Ya buɗe baki zai fara kare kansa, sai matar ta ɗago, ta dube shi, ta yi maganar da ta hana shi sukuni daga ranar.

"Baba, kada ka damu. Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yafe."

Ta miƙe da ƙyar, ta biya dutsen gugarta da hannun hagu, ta rungume shi ta fita.

Da ya koma gida ya ba da labari, Maman Biyu ta tafa hannu. "Wayyo baiwar Allah! Gobe da sassafe sai ka je ka duba ta, ka kai ta a ɗauki hoton ƙashi."

"In je ina?" Ya ture kwanon abinci gefe. "Ke ba ki ji abin da na ce ba? Tukunya ta faɗo wa mutum, ko zagi babu, ko Allah ya isa babu, wai ta yafe. Har da biyan kuɗin kaya! Ruwa ba ya tsami banza. Akwai lauje cikin naɗi."

Ya taɓa ji ana cewa in kaya suka faɗo wa mai saye saboda sakacin mai shago, to alhakin na wuyan mai shago. Ga shi nan kuwa, tarkon a fili yake. So take ta sanyaya masa jiki, ya kwashi ƙafa ya je dubiya, a ce ai ga shi ya amsa laifi da kansa.

"To da ba laifinka ba ne?" in ji Maman Biyu.

Ya tashi ya je duba kwaɗon ƙofa.

Kwanaki suka shuɗe, tela ba ta dawo ba, ba ta aiko ba. Wani zai ce alhamdu lillahi, ya sauke tukwanensa ƙasa, ya ci gaba da harkarsa. Ina! Shirun nan ya fi ashar ciwo a wurin Baba Anya. Ya zauna a kujerarsa yana warwara yana saƙawa. Wataƙila ita ta jawo tukunyar. Gaskiya ne ya ga hannuwanta a ƙasa, amma madubi mai tudu ai yakan karkatar da abu. Wataƙila kafinta ne ya turo ta don ya huce haushi. Da ya ji kuma cewa ƙanenta direba ne, sai ya buga cinya. Direba! Ita tana ciki, tifa na wucewa a waje! Biri ya yi kama da mutum. An gaya masa bas ƙanen yake ja, bai taɓa hawa tifa ba, ya ce ai direba direba ne, duk bakinsu ɗaya.

Da a cikinsa ya bar zancen, da ya mutu a can. Amma duk wanda ya tsaya sayen cokali sai ya ji. "Ban ce ta yi ba fa," haka yake farawa, "zato zunubi ne. Amma dai ku duba ku gani." Magana kuwa zarar bunu ce. Ta bar bakin shagonsa tana "wataƙila", ta isa layin maɗinka tana "wallahi". Mata suka fara zuwa karɓe yaduddukan da suka kai ɗinki, wai an ce 'yar damfara ce, shago-shago take bi tana jawo wa kanta kaya.

Wata rana da azahar sai ga wani gajeren mutum kakkaura ya tsaya a ƙofa, idonsa jajir, da mukullin mota a hannu. Ƙanen tela ne.

"Baba, kai sa'an ubana ne, ba zan zage ka ba," in ji shi. "Tun ranar nan na so zuwa, Yaya ta hana ni. Ta ce dattijo ne, a rufa masa asiri. Ƙashi ya tsage, jijiya ta taɓu, cokali ma da ƙyar take kai shi baki. Ba ka zo ba, ba ka aiko ba, muka yi shiru. Shi ne yanzu za ka bi gari kana cewa macuciya ce? To wallahi haƙuri ya ƙare. Mu haɗu gaban lauya."

Ka san abin da Baba Anya ya ji? Daɗi ya ji, wallahi, tare da tsoro. Ya shiga gida yana ɗaga yatsa. "Ban gaya miki ba? Ga laujen ya fito!"

Maman Biyu ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Matar nan ta tafi abinta, kai ka bi ta da baki ka dawo da ita."

Dole ya nemi lauya. Aka haɗa shi da wani mai ƙamshin turare da takalmi mai sheƙi, wanda tun daga gaisuwa Baba Anya bai yarda da shi ba. Lauya ya zo shagon, ya ɗaga kai ya ga tukwane da fankoki sun leƙo daga bakin kanta, ya ja da baya zuwa ƙofa, daga can ya ci gaba da magana.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ba ta taɓa kayan ba, kai ka jera su haka, kuma an ce kafinta ya gargaɗe ka a gaban mutane. In aka shiga kotu da wannan, ga magani, ga aikin da ta rasa, ga ɓata suna, shagon nan da abin da ke cikinsa zai iya tafiya. Sun yarda a fara zaman sulhu. Mafita ɗaya nake gani, a nuna ciwon bai kai yadda suke faɗa ba."

Shagon zai iya tafiya. Maganar ta zauna masa a ƙirji kamar dutse. Amma ɗaya maganar ta ba shi ƙarfi, don in dai kama maƙaryaci ne, ai an zo gidansa.

Washegari ya yi abin da bai yi ba tun zamanin aminin nan, ya bar shagonsa a hannun wani. Ya zaunar da Maman Biyu a kujerar ƙarfe, ya ɗaure tsani da sarƙa, ya ja hula har gira, ya nufi layin maɗinka. Dattijo da furfura, yana raɓe-raɓe a bayan matattun motoci! Ya sami wani ɗan lungu tsakanin shagon tela da na mai gyaran takalmi, inda wata ƙaramar taga ke kallon cikin shagonta. Ya laɓe, ya fito da waya, ya kunna bidiyo yadda jikarsa ta taɓa koya masa.

Mata biyu ne a ciki, sun zo karɓar ɗinki. Tela na tsaye tana hira, har da dariya. Ta miƙa hannun dama, wannan dai da aka ce ya mutu, ta ɗauki dutsen guga, wannan dai da ta saya a shagonsa, ta goge riga tsaf, gaba da baya. Ta ɗaga rigar sama da hannu biyu ta nuna musu, ta ninke, ta saka a leda. Zuciyar Baba Anya ta yi fari fat. Gani ya kori ji! Cokali da ƙyar, ko? Sai ga shi tana wasa da dutsen guga kamar mafici.

Matan suka yi sallama suka fita. Tela ta saki labulen ƙofa, ta zo ta ja na taga, sai dai bai rufe duka ba, ya bar ɗan tsagi. Baba Anya bai kashe wayar ba, ko za ta ƙara masa wata hujjar. Ta tsagin nan ya ga ta jingina da bango, ta sulale har ƙasa. Ta lalubo wani ƙyallen yadi da hannun hagu, ta dunƙule, ta cusa a baki ta cije. Ta tallabo hannun dama ta ɗora a cinya, hannun yana karkarwa shi kaɗai, hawaye na zuba, ba ko sauti. Ta daɗe a haka. Can wata ta yi sallama daga waje. Tela ta zare ƙyallen, ta share fuska da gefen gyale, ta dafa keken ɗinki ta miƙe, ta amsa da fara'a.

Baba Anya ya fito daga lungun jikinsa a sanyaye. Amma hali zanen dutse, kafin ya kai bakin titi ya samo amsa. Ta gan shi ne. Ta hango hularsa ta taga, shi ne ta shirya masa wasan kwaikwayo. Kai, matar nan ta iya!

Da lauya ya kalli bidiyon, ya yi murmushi a farko, ya tsuke fuska a ƙarshe.

"Farkon kaɗai muke bukata. Kawo wayar in cire shi daban."

"In ba ka wayata?" Baba Anya ya mayar da ita aljihu ya dafe. "Anya kuwa?"

Wayar nan ko Maman Biyu ba ta taɓa riƙe ta ba. Wa ya san abin da lauya zai kwasa a ciki? Wa ya san ko gobe ya sayar wa ɗaya ɓangaren? 'Yarsa ta ce ya kawo ta yanke masa, ya ce ita ma mijinta yana da surutu. Shi kuma bai iya ba. Lauya ya yi lallashi har ya gaji.

"Shi ke nan, Baba, riƙe abinka. Amma ka ji da kyau. Da zarar matan nan sun fita daga ƙofa, ka danna ka tsayar. Kada ka bari a ga ko labulen."

"Wannan kuma ai yatsana ne," in ji Baba Anya. "Shi kaɗai na yarda da shi."

Aka yi zaman a ofishin lauyar tela, wata dattijuwa mai tabarau, a bene na sama. Ɗaki ne mai dogon tebur da fanka mai ƙara. Direba na gefe yana huci. Kujeru suka yi kaɗan, sai aka zaunar da tela kusa da Baba Anya, ta lulluɓe kafaɗunta da gyale, kanta a sunkuye. Lauyarta ta yi bayani dalla-dalla: yadda aka jera kayan, gargaɗin kafinta, hoton ƙashi, abin da likita ya ce, ɗinkin da aka karɓe. Da ta gama, lauyan Baba Anya ya gyara zama.

"Duk mun ji. Amma akwai abin da muke so ku gani. Bismilla, Baba."

Baba Anya ya ɗora wayar a tsakiyar tebur, bai sake ta ba, ya danna. Kowa ya miƙo wuya. Ga tela tana dariya. Ga hannun dama ya ɗauki dutsen guga. Ga riga a sama. Direba ya juya ya dubi yayarsa baki buɗe.

"Yaya? Ke da kika ce mini ba kya taɓa aiki?"

Ba ta ɗago ba. Lauyarta ta cire tabarau ta ajiye, fuskarta ta canza. Lauyan Baba Anya ya jingina da kujera yana kaɗa ƙafa. Shago ya tsira, kowa a ɗakin ya san haka. A cikin wayar matan suka ɗauki ledarsu, suka nufi ƙofa, suka fita. Yatsan Baba Anya na sama da gilashin, saura ya sauka.

Sai idonsa ya yi abin da ya saba yi tun yana saurayi, ya faɗa kan hannun wanda ke kusa da shi. Hannun tela na kan cinyarta, a ƙarƙashin tebur, inda ba mai gani. Yana karkarwa. Ta danne shi da na hagu, ta ja gefen gyale tana rufewa. Baba Anya ya ƙare rayuwarsa yana kallon hannuwa. Ya san hannun da ke shirin ɗauka, ya san wanda ya riga ya ɗauka, ya san na mai nuna wa jama'a ciwo don a tausaya masa. Wannan ɓuya yake yi. A wayar kuma ga ta tana jan labule. Mai wasa don a gani yana jan labule? Mai kuka don a ji yana cusa tsumma a baki? Ya nemi "anya" a cikinsa, ya laluba ko'ina, bai same ta ba. Kunya ta rufe shi tun daga ka har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba.

Lauyansa ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. "Baba, ya isa haka."

Yatsan bai sauka ba.

"Baba! Na ce ya isa."

"Bari ya ƙare," in ji Baba Anya.

Ya ƙare kuwa. Suka ga ta sulale, suka ga ƙyallen, suka ga hawayen, suka ga ta miƙe tana amsa sallama da fara'a. Direba ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Lauyan Baba Anya ya rufe jakarsa a hankali.

Tela ce ta fara magana, ba tare da ta kalli kowa ba.

"In masu kaya suka san hannuna ya lalace, wa zai sake kawo mini ɗinki? Ina da yara. Waɗanda maganarka ba ta kora ba, su nake riƙewa da wannan gugar." Ta juyo ta dube shi. "Ashe ko a bayan labulena ma ba ka bar ni ba, Baba."

Aka yi sulhu, in ana kiran wannan sulhu. Ya ɗauki maganinta har ta warke, da asarar aikinta, da sharaɗin ya bi layin maɗinka da ƙafarsa ya janye abin da ya faɗa. Kafin ya sauke wannan nauyi sai da ya karyar da manyan kayansa, ya mayar wa mai gini fiye da rabin shagon. Yanzu wani mai aski ne a wancan ɓangaren. Abin da ya rage wa Baba Anya ɗan lungu ne da in ya miƙa hannu daga kujera zai taɓa bango. An sauke madubin, ba abin da zai nuna. Kafintan nan dai shi ya zo ya buga allon da ya raba shagon, ya mayar wa kantocin da suka saura katakon bakinsu, ya ce ko sisi ba ya so. Baba Anya ya buɗe baki, ya rufe, ya ce Allah ya saka da alheri.

Maman Biyu ta sha tambayarsa, "Malam, tsakaninka da Allah, ranar nan yatsan ne ya maƙale, ko kai ka hana shi?" Sai ya ce ta cika tambaya. Har yanzu idonsa kan bi hannuwan masu saye, har yanzu yakan duba kwaɗo bayan ta kulle. Mutane na cewa rashin shagon ne ya ramar da shi, ya sa yake zama shiru yana kallon titi. Ita ta san ba shi ba ne, don ita kaɗai ya gaya wa abin da ya faru a matakalar bene bayan an tashi daga zaman.

Tela na sauka a hankali, tana dafa bango da hannun hagu, ƙanenta ya yi gaba ya kawo mota. Baba Anya ya biyo ta, ya tsaya a bayanta, ya cire hula ya riƙe.

"'Yata, abu ɗaya zan tambaye ki, ki gaya mini don Allah. Ranar da tukunyar ta faɗo, da kika ce kin yafe..."

Ta tsaya, ta waiwayo. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Da zuciya ɗaya na faɗa, Baba. Na tafi ba ni da niyyar sake tako shagonka, ba ni da niyyar karɓar ko allura a hannunka. Kyauta na ba ka, kai ne ka ƙi karɓa."

Ta juya ta ci gaba da sauka, shi kuwa yana nan tsaye da hula a hannu har ƙarar motar ta ɓace.